Tarihin Henry Gantt, Mai Jadawalin Tsara Aiki

An haifi Henry Gantt ran 20 ga watan Mayu na shekara ta 1861, a jihar Maryland ta ƙasar Amurka. Iyayensa manoma ne masu wadata, amma yaƙin basasa ya cinye dukiyarsu tun yana ƙarami. Ya yi karatu, ya koyar a makaranta, kana ya fito injiniya a 1884.

A shekara ta 1887 ya kama aiki tare da Frederick Taylor a masana'antar ƙarfe ta Midvale. Sannu a hankali ya gane cewa yawancin ɓata lokaci ba lalacin lebura ke kawo shi ba, rashin tsarin shugabanni ne. Sai ka ga ma'aikaci zaune yana jiran kaya, inji kuma tsaye yana jiran ma'aikaci. A 1901 ya bayyana tsarinsa na biyan lada: kowa yana da kuɗin yininsa, wanda ya cika aikin da aka yanka masa ya sami ƙari, mai kula da shi ma ya samu. Ta haka shugaba ya koma mai koyarwa maimakon mai tsawa.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne jadawali. Ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, kwanaki kuma daga hagu zuwa dama, a ja wa kowane aiki layi daidai da tsawon lokacinsa. Kallo ɗaya ya isa a san aikin da ya makara. A 1917 hukumomin Amurka suka yi amfani da shi wajen ƙera makamai da harkar jiragen ruwa. Wani injiniyan ƙasar Poland, Karol Adamiecki, ya riga shi ƙago irin wannan dabara tun 1896, sai dai ba ta yaɗu ba.

Gantt ya rasu ran 23 ga watan Nuwamba na 1919. Bayansa, a 1957 da 1958, aka fito da hanyoyin lissafi na gano ayyukan da jinkirinsu ke jinkirta dukan aiki. Yau manhajar kwamfuta irin Microsoft Project ita ke zana jadawalin. In ta ga an ɗora wa magini ɗaya aiki biyu a rana ɗaya, sai ta matsar da wanda zai iya jira.

Darasin nan ya shafi ma'aikatan ƙasar Arewa. A Dogondutsi da Tibiri, ginin aji ko na rijiya tilas ya ƙare kafin ruwa ya sauka, don da zarar an yi shuka leburori sun koma gona. In mota ɗaya ce ke kai siminti garuruwa uku, wajibi ne a rubuta ranar kowane gari tun da kaka. In babu kwamfuta, takarda da fensir sun isa, domin da su Gantt ya yi nasa. Da ma Hausawa sun ce da safe ake kama fara.