Prince Nico Mbarga: Mutumin da aka raina waƙarsa a Legas

Ko da ba ka san sunan Prince Nico Mbarga ba, da wuya a ce ba ka taɓa jin waƙarsa ba. Ita ce "Sweet Mother", wadda gidajen rediyo ke sakawa duk ranar da ake bikin iyaye mata, kuma matasa ke ɗorawa a kan hotunan mahaifiyarsu a TikTok. To, ka san cewa sai da babban kamfanin faifai ya ƙi karɓar ta?

An haifi Nico a Abakaliki ranar 1 ga Janairun 1950, ya tashi a Ikom, kusa da iyakar Kamaru. Mahaifinsa ɗan Kamaru ne, mahaifiyarsa 'yar Najeriya. Uban ya rasu tun yaron bai kai ko'ina ba, sai ɗawainiyar gida ta koma kan uwar, wadda noma ne abin dogaronta. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne tushen waƙar da za ta zo daga baya.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai ya tsallaka zuwa Mamfe a Kamaru. A can ya shiga cikin makaɗan otal, ya koyi ganga, ya zauna ya ƙware a salon kaɗa jita irin na 'yan Kwango, wanda ake tsinkar tsirkiya da sauri, sautin na zuba kamar yayyafi. Bayan yaƙi ya dawo gida, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Rocafil Jazz, suna wasa a wani otal a Anacha.

Nan fa labarin ya fi daɗi. Kamfanin EMI ya ɗauke su, suka fitar da waƙarsu ta farko a 1973. Ba ta yi kasuwa ba. Ta biyun, "I No Go Marry My Papa", ta ɗan yi tashe a yankinsu, amma ba ta wuce nan ba. Da Nico ya kai musu samfurin "Sweet Mother", sai masu kamfanin suka ce waƙar ta yi kama da ta yara. Daga nan alaƙa ta yanke. Ka duba fa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, waƙar farko ta faɗi, kamfani ya juya baya, ga yaran ƙungiya suna jiran abin sakawa a baki.

Wanda ya ɗauke shi wani ɗan kasuwar Anacha ne, Rogers Okonkwo, mai ƙaramin kamfanin Rogers All Stars. A 1976 faifan ya fito. Waƙa ce doguwa, kusan minti goma, ba ta da wani zurfin zance: ɗa ne ke tuna wahalar da uwa ta sha a kansa, yana gode mata. Abin da EMI ta kira yarinta shi ne ƙarfinta. Da Turancin buroka ya rera ta, saboda haka ɗan Saliyo da ɗan Gana da ɗan Kamaru duk suka ji ta ba tare da tafinta ba. Kiɗan kuma haɗin gambiza ne, hailaif na nan gida da jitar Kwango. Ana yawan ambaton cewa an sayar da kwafi miliyan 13, ban da na 'yan satar fasaha. A 2004 masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da aka fi so a Afirka.

A ganina, abin da ya cuci Nico shi ne girman waƙar nan. Ya ci gaba da fitar da faifai, wasu ma masu daɗi ne, irin su "Aki Special", amma duk inda ya je "Sweet Mother" ake nema. Rigimar kuɗi ta shiga tsakaninsa da makaɗansa, ƙungiyar ta watse, ko da ya sake haɗa ta armashin farko bai dawo ba. Ya koma Ikom ya mai da hankali kan harkar otal, har ɗaya ya raɗa masa sunan waƙar.

A watan Yunin 1997 ya yi hatsarin babur a Kalaba, ya rasu a cikin watan yana da shekara 47. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 2 ga Agusta, Fela Kuti ya rasu a Legas, hankalin jaridu da na duniya ya koma can kacokan. Mahaifiyar da ya yi wa waƙar tana raye lokacin da aka kai mata labarin.