Charles Kettering: Mutumin Da Ya Saita Wa Mota Lokacin Wuta

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Fijo 504 daga Kano, ya bi ta Wudil zuwa Birnin Kudu ko Gwaram, ba zai rasa ganin wani abu a bakin tasha ba: bakanike ya buɗe bonet, ya sassauta noti, ya riƙa juya distiributa a hankali yana kasa kunne ga ƙugin inji. Wannan aiki shi ake kira gyaran taimin, wato daidaita lokacin da wuta za ta kama fetur a cikin inji. Tsarin wutar da bakaniken ke taɓawa kuwa, wani Ba'amurke ne ya kafa shi, sunansa Charles Franklin Kettering.

An haifi Kettering ran 29 ga watan Agusta na shekarar 1876, a Loudonville ta Jihar Ohio. Ɗan manoma ne, kuma tun yana yaro yake fama da ciwon ido, wanda ya sha katse masa karatu. Ya yi aikin malanta a makarantar ƙauye, ya kuma yi aiki cikin masu kafa turakun wayar tarho, kafin ya kammala Jami'ar Jihar Ohio a 1904 da digiri kan aikin lantarki. Daga nan ya kama aiki a kamfanin NCR da ke birnin Dayton, inda ya haɗa wa na'urar ƙirgar kuɗin kanti ɗan ƙaramin injin lantarki.

A shekarar 1909 shi da abokinsa Edward Deeds suka kafa kamfanin Delco. A wancan zamani yawancin motoci da maganeto suke samun wuta, shi kuwa maganeto wutarsa rauni gare ta idan inji na juyawa a hankali. Sai Kettering ya fito da tsari mai aiki da batir: kwayil ya ɗaga ƙarfin wutar batir zuwa dubban bolt, kwantak ya riƙa buɗewa yana rufewa, distiributa kuma ta raba wutar ga kowane filogi bi da bi. Kamfanin Cadillac ya karɓi tsarin a 1910. A 1912 kuma motocin kamfanin suka fito da sitata ta lantarki wadda shi ya ƙera, aka huta da tayar da mota da handul, abin da ya sha karya hannuwan direbobi.

Muhimmancin lokacin wuta shi ne, fetur ba ya ƙonewa nan take. Saboda haka dole filogi ya ba da tartsatsi daf da isar fistin ƙarshen hawansa, domin ƙarfin ƙunar ya same shi daidai lokacin da ya fara gangarowa. In wutar ta makara, mota ta yi kasala, ta sha mai, inji ya yi zafi. In an matso da ita gaba kaɗan, ƙarfi ya ƙaru. Amma abin yana da iyaka, gama in ta yi gaggawa fiye da kima sai a ji inji na ƙaras-ƙaras kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa da kaya. Wannan ƙara alama ce ta cewa ragowar fetur na fashewa da kansa, kuma idan aka bar shi yana iya huda fistin.

Wannan ƙarar ita ce ta zame wa Kettering ƙarfen ƙafa. Masu sayar da maganeto suka ɗora laifinta a kan tsarinsa, shi kuwa ya tsaya a kan cewa illar daga mai take. Ya sa wani matashin injiniya, Thomas Midgley, ya binciko magani. Bayan an gwada sinadarai masu ɗimbin yawa, a watan Disamba na 1921 aka gano cewa ɗan kaɗan daga wani haɗin dalma yana kashe ƙarar. A lokacin Kettering ya riga ya zama shugaban sashen bincike na kamfanin General Motors, muƙamin da ya riƙe daga 1920 zuwa 1947. Aka fara sayar da fetur mai dalma a Dayton cikin 1923, injuna suka sami halin ƙara matsi da ƙarfi.

To amma zuma da zaƙi da harbi. Tun kafin wannan lokaci likitoci sun san dalma guba ce. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata 5 suka mutu a masana'antar haɗa sinadarin da ke Bayway a Jihar New Jersey, wasu da dama suka sami taɓin hankali. Kettering, wanda shi ne shugaban farko na kamfanin Ethyl mai sayar da sinadarin, ya ci gaba da kare shi. Shekara da shekaru salansar motoci na fesa dalma a titunan duniya, har bincike ya tabbatar da cewa tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina amfani da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

Har ila yau Kettering ya taimaka wajen kyautata injin dizal na jirgin ƙasa, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering da aka kafa a birnin New York a 1945 tana ɗauke da sunansa. Ya rasu a Dayton ran 25 ga watan Nuwamba na 1958, yana da shekara 82.

Daga shekarun 1970 wutar lantaronik ta fara maye gurbin kwantak, daga bisani kwamfuta ta karɓi aikin saita lokacin wuta, tana jin ƙarar da kanta tana ja da baya. Sai dai duk inda ragowar 404 da 504 da aka harhaɗa a Kaduna suke, kunnen bakanike shi ne ma'auni. Shi ya san iyakar da zai juya distiributa ya tsaya. Kettering ya ƙi yarda da wannan iyaka, ya kuwa ture ta, amma kuɗin da aka biya lafiyar miliyoyin yara ce waɗanda ba su ko san sunansa ba.