Uwar Muminai Zainab 'Yar Jahshi: Matar Da Ko Likkafani Ba Ta Ajiye Biyu Ba



Kwanan baya a nan Tsafe muka tashi sauya gida, mai ɗakina ta fito da kayan da muka daina amfani da su: tsofaffin atamfofi, langa-langa, katifar yara. Har mun aika a kira dillaliya. Ina zaune ina lissafin abin da za su kawo, sai Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) ta faɗo mini a rai, kunya ta kama ni.

Mahaifiyarta Umaima gwaggon Manzon Allah (SAW) ce. Ta yi hijira zuwa Madina, ya aure ta a shekara ta 5 bayan hijira. Mace ce mai sana'ar hannu, tana jimar fata tana ɗinkawa, abin da ta samu kuma ta sadakar.

Annabi (SAW) ya taɓa shaida wa matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskarsa. Suka riƙa gwada hannuwansu. Sai da Zainab ta riga su rasuwa suka gane ashe kyauta ake nufi.

A halifancin Sayyidina Umar (RA) an aiko mata da rabonta na baitulmali, dirhami 12,000. Ta sa aka zube su, aka lulluɓe da mayafi, ana damƙa ana kai wa dangi da marayu. Da aka ɗaga mayafin, dirhami 85 suka rage, su ma ta bar wa matar da ta taya ta rabon.

Amma abin da ya fi taɓa ni likkafaninta ne. Ta riga ta tanadi nata, ta kuma san Halifa zai aiko da wani. Sai ta yi wasiyya a rufe ta da ɗaya, a ba da ɗayan sadaka. Ta rasu a shekara ta 20 bayan hijira, Umar ya sallace ta, aka binne ta a Baƙi'a.

Sayar da kayanka halal ne, wanda talauci ya matsa wa babu laifi a kansa. Amma ni ba matsuwa ce ta sa ni ba. Ga bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, suna fakewa a kangaye a Tsafe, Gusau da Bunguɗu, wasu daga su sai kayan jikinsu. Kuɗin da dillaliya za ta kawo mini ba zai wuce cefanen 'yan kwanaki ba, katifar nan kuwa za ta raba yaro da kwanan ƙasa.

Mun ba dillaliya haƙuri. Muka wanke kayan, muka ware masu kyau, domin abin da ya lalace ba kyauta ba ce.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a buɗe akwati yau a duba. Allah Ya ƙara wa Nana Zainab yarda, Ya ba mu tsawon hannu irin nata.