Shehu Usman Ɗanfodiyo: Malamin da ake rataye hotonsa alhali ba a taɓa ɗaukar sa hoto ba

Daga Mararaban Rido, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, har zuwa kasuwannin Kafanchan, akan tarar da hotunan manyan malamai cikin firam a hannun 'yan talla da kuma a shagunan sayar da littattafan addini. Daga cikinsu akwai na wani dattijo mai farin rawani da aka rubuta sunan Shehu Usman Ɗanfodiyo a ƙasansa.

Wannan hoto zane ne da wani mai fasaha ya ƙago. Shehu ya rasu a 1817, kuma sai a 1839 aka gabatar wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Abin da ya rage na ainihin kamanninsa yana cikin rubuce-rubucensa da tarihin ayyukansa.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba na 1754. Ya tashi a Degel, inda ya fara karatu a wurin mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo. Daga bisani ya yi karatu a wurin malamai da dama, musamman Malam Jibrilu ɗan Umar, wanda ya yi tasiri mai zurfi a tunaninsa.

Tun yana ɗan shekara 20 ya fara wa'azi. Ya zaga Kabi da Zamfara yana karantar da jama'a da Hausa da Fulatanci, yana jan hankalinsu ga tauhidi, yana kuma sukar harajin zalunci da cin hanci a fadodin sarakuna.

Wani abu da ya jawo masa suka daga wasu malaman zamaninsa shi ne barin mata su halarci majalisinsa. A littafinsa Nurul Albab ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗora a kan wannan tafarki, inda ta kafa tsarin 'yan taru, wanda jajis ke kai ilimi ga matan ƙauyuka.

Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya. Ya nemi a ba shi damar wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji, sarkin ya amince.

Al'amura sun canza a zamanin Nafata, wanda ya taƙaita wa'azi ya kuma hana ɗaura rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa rikicin ya tsananta, har Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, inda aka yi masa mubaya'a. A shekarar ne aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto, sannan Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808.

Tutocin da ya bayar sun isa ƙasashen Hausa da kewaye. Malam Musa ne ya karɓi ta Zazzau, kuma a ƙarƙashin Zazzau aka kafa masarautar Jama'a, wadda fadarta ke Kafanchan a yau. Al'ummomi da dama na tsaunukan kudancin Kaduna sun ƙi miƙa wuya ga masarautun, kuma har yanzu ana tunawa da hare-haren kama bayi na ƙarni na 19 a yankin. Wannan ma ɓangare ne na tarihin da ya biyo bayan jihadin.

Shi kuwa Shehu bai zauna kan karagar mulki ba. A 1812 ya raba tafiyar da daula tsakanin ƙaninsa Abdullahi, mai kula da yamma, da ɗansa Muhammadu Bello, mai kula da gabas. Ya koma ga karantarwa da rubutu a Sifawa, kafin ya ƙaura zuwa Sakkwato a 1815. Ya bar littattafai sama da 100, ciki har da Ihya'us Sunna da Kitabul Farƙi, wanda a cikinsa ya bambanta mulkin adalci da na zalunci.

Ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu, 1817, kuma Hubbarensa na karɓar baƙi daga sassan Afirka ta Yamma. Jami'ar tarayya da ke Sakkwato na ɗauke da sunansa. Mai son sanin Shehu zai fi samun sa a littattafan nan, waɗanda ake ci gaba da bugawa ana karantarwa a zaurukan malamai, fiye da a hoton da ke jikin bango.