Ludwig Guttmann: Likitan da ya miƙa wa masu keken guragu sanda da takobi

A shekarar 1944, Yaƙin Duniya na Biyu na tsaka da ruruwa, aka fara wani baƙon wasa a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila. Sojojin da rauni ya lalata musu laka har ƙafafunsu suka shanye ne ke zaune a kekunan guragu, kowa ya juya sandar dogarawa kanta a ƙasa, suna ƙwace wani ɗan faifai a tsakaninsu kamar 'yan folo bisa dawakai. Wanda ya mayar da wannan wasa wani ɓangare na jinya shi ne Dokta Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus ɗan gudun hijira. Shi ne daga baya ya shigo da wasan takobi na masu keken guragu, kuma shi ake ɗauka a matsayin uban gasar Olamfik ta nakasassu.

Haihuwa da karatu

An haifi Guttmann ranar 3 ga Yuli, 1899, a garin Tost na yankin Silesiya, wanda a lokacin yake cikin Jamus, a yau kuma yana cikin ƙasar Poland da sunan Toszek. Yana ƙarami iyayensa suka koma Königshütte, garin masu haƙar kwal. A 1917 ya shiga aikin sa kai a asibitin masu haɗari na garin, inda ya ga wani matashi mai haƙar kwal da ƙashin bayansa ya karye. Likitoci sun riga sun yanke ƙauna a kansa, kuma cikin 'yan makonni ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa ya rasu. Wannan mutuwa ta zauna wa Guttmann a rai har tsufansa.

Ya fara karatun likita a Jami'ar Breslau a 1918, ya koma Freiburg, ya kammala a 1924. A shekarun ɗalibta ya shiga wata ƙungiyar ɗalibai Yahudawa da ke fuskantar tsangwama a jami'o'in Jamus. Ƙungiyar ta dogara ga motsa jiki domin mambobinta su sami ƙarfi da amincewa da kai, kuma a wannan zamani ne Guttmann ya riƙi wasan takobi. Tun a nan ya gane cewa wanda aka raina, idan ya koyi tsayawa gaban abokin karawa, yakan daina raina kansa.

Bayan kammala karatu ya yi aiki a ƙarƙashin Farfesa Otfrid Foerster a Breslau, ɗaya daga cikin manyan masana ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na wancan zamani, har ya zama babban mataimakinsa.

Zamanin 'yan Nazi da hijira

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka hana likitoci Yahudawa aiki a asibitocin gwamnati. Guttmann ya koma Asibitin Yahudawa na Breslau, ya zama shugabansa a 1937. A daren 9 ga Nuwamba, 1938, lokacin da aka afka wa Yahudawa a faɗin Jamus ana ƙona wuraren ibadarsu ana kama mazajensu, ya umarci ma'aikatansa su ba duk wanda ya zo gado ba tare da tambaya ba. Washegari 'yan sandan ciki na Gestapo suka zo bincike. Ya bi su gado-gado yana kare dalilin kwantar da kowane mutum, kuma daga cikin mutum 64 ya kuɓutar da 60 daga kamu.

Daga baya hukumomi suka ba shi izinin tafiya Fotugal domin duba wani aminin firayim ministan ƙasar, Salazar. Wannan tafiya ta buɗe masa ƙofar fita. Da taimakon wata ƙungiyar Birtaniya mai tallafa wa masana 'yan gudun hijira, ya isa Oxford a watan Maris na 1939 tare da matarsa Else da 'ya'yansu biyu. A can ya shafe shekaru yana binciken raunin jijiyoyi.

Asibitin waɗanda aka fid da rai

A 1943 gwamnatin Birtaniya, wadda ke shirin tura dakaru Turai kuma ta san za a dawo da raunanan sojoji da yawa, ta nemi ya kafa cibiyar jinyar raunin laka. An buɗe ta a Stoke Mandeville ranar 1 ga Fabrairu, 1944. Aiki ne da likitoci ba sa marmari, domin a Yaƙin Duniya na Ɗaya mafi yawan sojojin da suka sami irin wannan rauni ba su daɗe ba suka mutu.

Guttmann ya lura cewa ba karayar baya ce ke kashe su ba. Gyambon kwanciya ne da cutar mafitsara da ke haurawa zuwa ƙoda. Sai ya kafa doka a riƙa juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma riƙa fitar da fitsari cikin tsananin tsabta. Yakan faɗo ɗakin jinya da tsakar dare domin ya tabbatar an bi umarninsa. Mutum ne mai zafi da tsanani, amma majinyata sun laƙaba masa Poppa, wato baba.

Da mutane suka daina mutuwa, sai wata matsala ta bayyana. Samari ne majiya ƙarfi da aka shaida musu ba za su sake takawa ba, kuma da yawa sun yi watsi da rayuwa. A nan ne sanda ta shigo. Guttmann da kansa ya hau keken guragu ya gwada buga faifai da sandar dogarawa, ya ga cewa wasan na tilasta wa mutum ya tura keke da sauri, ya juya, ya miƙa hannu ba tare da ya kife ba. Duk wannan na gina kafaɗu da damatsa da tsokar baya, waɗanda su ne jarin wanda ƙafafunsa suka shanye. Majinyata suka kafa ƙungiya suna karawa da ma'aikatan asibiti a bisa kekuna, kuma sau da yawa majinyatan ke yin galaba saboda sun fi sanin keke. Sai dai wasan ya yi zafi, ana karo ana jin ciwo, don haka aka maye gurbinsa da wasan jefa ƙwallo a raga, wanda daga baya ya ba da wuri ga ƙwallon kwando.

Daga kwari da baka zuwa takobi

Ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe gasar Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbi da kwari da baka a harabar asibitin. Mutum 16 ne suka fafata, maza 14 da mata 2. A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka zo, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa.

A farkon shekarun 1950 ya dawo da wasan ƙuruciyarsa, ya shigar da takobi cikin wasannin majinyata. A tsarin da ake bi a yau, ana ɗaure kekunan biyu a jikin wani ƙarfe da ke ƙasa domin kada su motsa, ana kuma auna tazarar da ke tsakani da tsawon hannun 'yan wasan. Babu gudu, babu ja da baya da ƙafa. Mai kai sara da mai karewa duk sun dogara ga saurin wuyan hannu, kaifin ido da karkata gangar jiki gaba ko baya. Wannan ya dace da manufar Guttmann, domin wasan na koya wa mai rauni daidaita zamansa, yana kuma dawo masa da zuciyar fuskantar abokin hamayya ido da ido.

A 1960 aka kai gasar birnin Roma, inda 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23 suka hallara, kuma wasan takobi na cikin wasannin da aka yi. Wannan taro ne ake ƙirgawa a matsayin gasar Olamfik ta nakasassu ta farko. Najeriya ta fara shiga gasar a Barcelona a 1992, ta kuma yi suna musamman a ɗaga nauyi.

Ƙarshen rayuwa

Guttmann ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1945. A 1961 ya kafa ƙungiyar wasannin nakasassu ta Birtaniya. A 1966 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ta Sir, kuma a shekarar ce ya sauka daga shugabancin cibiyar bayan shekara 22. Bai huta ba, ya ci gaba da nemo kuɗi har aka buɗe filin wasa na Stoke Mandeville a 1969.

Ciwon zuciya ya kama shi a watan Oktoba na 1979, ya rasu ranar 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80. A 2012, shekarar da Landan ta karɓi baƙuncin gasar, aka kafa mutum-mutuminsa a Stoke Mandeville. Har yanzu cibiyar da ya buɗe a 1944 tana karɓar masu raunin laka, kuma wasanni na cikin jinyar da ake yi musu.