Baba Moustapha, marubucin Chadi da ya hau da mulkin soja kan dandali

Duk wanda ya ɗan daɗe a N'Djamena, ko da bai taɓa shiga kallon wasan kwaikwayo ba, da wuya a ce bai ji sunan Baba Moustapha ba. Sunan yana jikin gidan raya al'adu na unguwar Ambassatna, a gunduma ta 3, wadda Kabalaye ma ke cikinta. Akwai kuma ƙungiyar 'yan wasa mai suna Théâtre Vivant Baba Moustapha. Sai dai da yawa cikin masu ambaton sunan in suna yi wa ɗan kabu-kabu kwatance ba su san cewa mai shi bai tsufa ba. Shekara 30 kawai ya yi a duniya, kuma manyan ayyukansa biyu bai ga fitowarsu da idonsa ba.

An haifi Mahamat Moustapha, wanda aka fi sani da Baba, a shekarar 1952, lokacin Chadi tana hannun Faransa, babban birninta kuma ana kiransa Fort-Lamy. Yana ɗan shekara 8 aka ba ƙasar 'yancin kai, ranar 11 ga Agustan 1960. Yana cikin yaran farko da suka yi karatun lakwal a sabuwar ƙasar, waɗanda aka yi ta gaya musu cewa su ne za su riƙe ofisoshin da Turawa suka bari. Da Faransanci ya yi karatu, da shi kuma ya yi duk rubutunsa.

A wancan zamani babu wanda ke cin abinci da wasan kwaikwayo a Fort-Lamy. Teyatur, kamar yadda mutanen Nijar ke faɗa, aikin 'yan makarantar sakandare ne, da malamansu, da matasan majami'u, da ƙananan ma'aikata bayan an tashi daga aiki. Ana koyon wasa a cikin aji bayan an ture tebura, a ari babbar riga a gida, a nuna shi sau ɗaya ko sau biyu a ƙarshen shekarar karatu ko a zauren cibiyar al'adu ta Faransa, shi ke nan ya wuce. Akwai waɗanda suka riga shi rubuta wasanni, irin su Palou Bebnoné mai La Dot da Kaltouma, amma kamfanin buga littattafai da zai karɓi irin wannan aiki babu shi a ƙasar. Wasan da ba a buga ba kuwa, ranar da 'yan wasansa suka watse, shi ma ya watse.

Ƙofar da ta rage ita ce rediyo. Daga ƙarshen shekarun 1960 hukumar rediyon Faransa ta buɗe wata gasa ta rubuta wasan kwaikwayo ga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, Concours théâtral interafricain, wadda daga baya RFI ta ci gaba da riƙewa. Tsarinta mai sauƙi ne. Marubuci ya aika rubutunsa Paris ta gidan waya, alƙalai su tace, waɗanda suka tsallake a ba 'yan wasa su karanta su a ɗakin naɗar murya, sannan a rarraba faifan ga gidajen rediyon ƙasashen Afirka. Masu sauraro ma suna da tasu kyautar da suke bayarwa ta hanyar wasiƙa. Ta nan ne Guillaume Oyônô-Mbia na Kamaru ya ƙara suna, ta nan ne kuma aka fara jin Sony Labou Tansi na Kwango.

Baba Moustapha ya shiga wannan gasa a farkon shekarun 1970, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da wasansa Makarie aux épines, kuma ya ci kyauta. Ga saurayi daga ƙasar da ba a lissafa ta cikin masu adabi ba a lokacin, wannan ba ƙaramin abu ba ne: mutumin Dakar da na Yamai da na Brazzaville suka ji aikinsa tun kafin yawancin mutanen garinsu su gan shi a dandali. Ba a buga wasan a littafi ba sai 1979, a Yawunde. Ya kuma rubuta gajerun labarai, da wasu ayyuka irin su Le Maître des djinns da Achta ou le drame d'une fille-mère, wanda sunansa kaɗai ya nuna inda ya dosa, wato halin da yarinya ke shiga in ta haihu ba aure.

Masu karatun Hausa ba za su yi mamakin wannan hanya ba. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi ma a rediyon Kaduna aka fara jin su kafin su zama littafi. Bambancin shi ne Maƙarfi da harshen kasuwa ya yi magana, kowa ya ji. Gasar Paris kuwa Faransanci take buƙata, kuma wanda ke son ya ci dole ya riƙa tuna kunnen alƙalin da ke zaune nesa da kogin Chari. An sha sukar gasar a kan haka, kuma sukar tana da tushe. Amma ba don ita ba, da wasannin Chadi na wannan zamani da yawa sun ɓace tare da takardun da aka rubuta su.

Ma'aikacin gwamnati mai alƙalami

Baba Moustapha bai ɗauki rubutu a matsayin sana'a ba, don babu mai iya haka a lokacin. Ya yi karatu a makarantar horar da jami'an mulki ta ƙasa, ENA, ya kuma yi aikin mulki a lardin Chari-Baguirmi, wanda ke kewaye da babban birnin. Wannan shi ne abin da ya bambanta shi da marubuta da yawa da suka soki gwamnati daga waje. Shi daga ciki ya ga yadda umarni ke saukowa, da yadda ake sa hannu a kan abin da ba a yarda da shi ba.

Shekarun kuwa masu nauyi ne. Tun 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT, yaƙi yana ci a tsakiya da gabas da arewa. Farin farkon shekarun 1970, wanda ya ƙarar da dabbobi daga Senegal har Chadi, ya koro makiyaya cikin birane hannu rabbana. Shugaba François Tombalbaye, da ya ga mulki na kuɓuce masa, sai ya ɓullo da abin da ya kira juyin al'adu a 1973: ya sauya sunansa zuwa Ngarta, Fort-Lamy ta koma N'Djamena, aka tilasta wa ma'aikata 'yan kudu shiga tsafin yondo, har da Kiristocin da suka ƙi, wasu suka rasa rayukansu. Ranar 13 ga Afrilun 1975 sojoji suka kashe shi, Janar Félix Malloum ya hau. Mutane sun yi murna a tituna, kamar yadda aka saba yi wa kowane juyin mulki a makonsa na farko.

Murnar ba ta kai shekara huɗu ba. A Agustan 1978 Malloum ya naɗa tsohon ɗan tawaye Hissène Habré firaminista, aka sami zakaru biyu a akurki ɗaya. Ranar 12 ga Fabrairun 1979 wata hatsaniya a makarantar Félix Éboué ta rikiɗe ta zama yaƙi tsakanin dakarun mutanen biyu. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi wa birnin illa, fiye da rushewar gidaje. N'Djamena ta tsage gida biyu bisa addini da asali. 'Yan kudu, waɗanda suka cika unguwanni irin su Kabalaye da Moursal da Chagoua, suka kwashi iyalansu suka nufi garuruwansu, a Moundou da Sarh kuma aka far wa Musulmi 'yan kasuwa. Wanda ya yi shekaru yana zaune benci ɗaya da kai a aji, ko kuna koyon wasa tare, ya wayi gari a ɗaya ɓangaren.

A nan akwai abin lura ga mai jin Hausa. Sunan unguwar Kabalaye ya samo asali ne daga wata al'umma ta yankin Laï, a kudu, kuma masana harshe sun sa harshenta a dangi ɗaya da Hausa, dangin da suke kira na Chadi. Layin da 'yan siyasa suka ja tsakanin arewa da kudu bai ma bi ta inda harsuna suka bi ba.

Najeriya ta yi ƙoƙarin sasantawa. A Kano aka zauna a watan Maris na 1979, Malloum da Habré suka sauka, sannan aka sake zama a Legas a watan Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ƙarƙashin Goukouni Oueddei. A Maris na 1980 yaƙi ya sake ɓarkewa cikin birnin, wannan karo tsakanin Goukouni da Habré, 'yan arewa biyu. Wata tara aka yi ana luguden wuta, jama'a suka tsallake kogi zuwa Kousseri ta Kamaru, sai a Disamba sojojin Libiya suka kawo ƙarshensa. Makarantu sun rufe, zaurukan wasa sun zama kango.

Kwamanda Chaka

Baba Moustapha ya tafi Paris ƙarin karatu a fannin mulki da shari'a. Wasan da aka fi tuna shi da shi, Le Commandant Chaka, tir ne da mulkin kama-karya na soja. Ba Chadi kaɗai ke da ciwon ba a lokacin. Bokassa ya naɗa wa kansa kambin sarauta a Bangui a Disambar 1977, Idi Amin ya riƙe Uganda daga 1971 zuwa 1979, Mobutu yana Kinshasa, Seyni Kountché yana Yamai tun 1974, Najeriya kuma ta yi shekara 13 a hannun soja kafin 1979.

Sunan Chaka ba sabo ba ne a adabin Afirka. Sarkin Zulu ne na farkon ƙarni na 19, wanda Thomas Mofolo na Lesotho ya rubuta labarinsa, Senghor ya yi masa waƙa, Seydou Badian na Mali da Djibril Tamsir Niane na Gini suka yi wasanni a kansa. A hannun yawancinsu Chaka jarumi ne mai haɗa kan al'umma, wanda ake yafe wa jinin da ya zubar saboda girman burinsa. Wannan ya dace da shekarun neman 'yanci. Amma wanda ya ga 1975 da 1979 da idonsa ba zai ɗora sunan kusa da muƙamin soja na zamani ba tare da tambaya ta biyo baya ba: mai bindigar da ya zo da sunan ceto, wa zai sauke shi in ya zauna?

A ƙasar Hausa ma an hau da soja kan dandali a waɗannan shekaru. Usman Baba Pategi ya yi suna da Samanja Mazan Fama, a Nijar kuma ƙungiyoyin samariya da 'yan wasan Damagaram irin su Yazi Dogo sun cika gidajen matasa da talabijin. Sai dai dariyar Samanja a bariki ta tsaya, kan saje da kurata da Hausarsu ta soja, wasannin samariya kuma a inuwar gwamnati suka girma, suna gyaran hali ba tare da taɓa kujera ba. Baba Moustapha kujerar ya nufa. Gaskiya ne nisan Paris da harshen Faransanci sun ba shi kariyar da ɗan wasan Hausa a gida ba ya da ita. Su ne kuma suka nesanta shi da talakan da ya fi shan wahalar abin da yake suka.

Ya rasu a Paris a 1982. A wannan shekarar, ranar 7 ga Yuni, Hissène Habré ya shiga N'Djamena da dakarunsa. Kamfanin Hatier ya buga Le Commandant Chaka a 1983, wato wasan ya fito ne daidai lokacin da ake kafa mulkin da ya fi duk na baya tsanani, mai hukumar leƙen asiri ta DDS da gidajen azabtarwa a tsakiyar birni. Habré ya faɗi a Disambar 1990, kuma sai a 30 ga Mayun 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Waɗanda suka biyo bayansa sun tarar da hanya a share. Maoundoé Naïndouba, tsaransa, ya taɓa cin gasar rediyon da L'Étudiant de Soweto. Daga baya aka sami Noël Nétonon Ndjékéry, da Koulsy Lamko, da Nocky Djedanoum, waɗanda yawancin aikinsu a ƙasashen waje suka yi shi. A gida kuwa, ƙungiyoyin wasa na unguwanni sun fi rayuwa da wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji ke biya, kan rigakafi, da karatun 'ya'ya mata, da rikicin manoma da makiyaya, da Larabcin Chadi ko Ngambay. Jama'a na taruwa su yi dariya su kuma ƙaru. Amma mai biya shi ke zaɓen jigo, kuma babu ƙungiyar agajin da za ta ba da kuɗi a yi wasa a kan janar.

Akwai wani rubutu da ya bari wanda ya kwana shekara 18 kafin ya ga hasken rana. Labari ne mai tsawo, Le Souffle de l'harmattan, wato busawar iskar hunturu, wanda kamfanin Sépia ya buga a Faransa a shekarar 2000. Abota ce tsakanin yara biyu, Haroun Musulmi ɗan arewa da Ganda Kirista ɗan kudu, waɗanda labarin ya bi cikin shekarun fari har zuwa lokacin da yaƙin basasa ya cim musu. Marubucin wasan kwaikwayo ne ya rubuta shi, amma wannan karon bai raba wa 'yan wasa baki ba. Lokacin da yake rubuta shi, matasan Ambassatna da na Kabalaye da za su tsaya a dandali ɗaya su yi Haroun da Ganda suna warwatse tsakanin Kousseri da Moundou da Maiduguri.