Rachel Carson: Matar da Ta Tsaya wa Masu Feshin Guba

Na zaɓi in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin wannan baiwar Allah ne domin aikinta ya shafi abin da muke ci da abin da muke sha a nan Sakkwato.

An haifi Rachel Carson a shekarar 1907 a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Ta yi karatun ilimin dabbobi a Jami'ar Johns Hopkins. Da mahaifinta ya rasu a 1935, ɗawainiyar gida ta faɗo kanta, sai ta kama aiki a ma'aikatar kula da kifaye ta gwamnati.

A wancan zamani ana yi wa maganin ƙwari DDT kallon abin al'ajabi. Ko a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, an soma feshinsa cikin ɗakuna a 1954 don kashe sauro. Amma Malama Carson ta lura cewa wannan magani ba ya saurin ruɓewa. Yakan taru cikin kitsen kifi da tsuntsaye, daga nan ya shiga jikin mutum. A 1962 ta fitar da littafinta mai suna Silent Spring, inda ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna suna iya jawo ciwon daji.

Kamfanonin magunguna suka yi mata ca. Ita kuwa a lokacin tana fama da ciwon dajin nono, amma duk da haka ta je gaban 'yan majalisar dattawa a 1963 ta ba da shaida. Ta rasu a 1964 tana da shekara 56. Ba ta ga sakamakon wahalarta ba, don sai a 1972 Amurka ta hana fesa DDT a gonaki. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita amfani da shi.

A 2015 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar cewa sinadarin lindan, wanda ke cikin gamalin, yana jawo ciwon daji. Saboda haka ina roƙon iyayenmu su guji wake ko kifin da aka sa wa gamalin. Doka tana hannun gwamnati, amma kasuwa mu ke zuwanta. Rigakafi ya fi magani.